Nazarin Lamari: Yadda Carolina ta Kudu Ta Soke Dokar Tarayyar Amurka a 1832

Lamarin a taƙaice

Ranar 24 ga Nuwamba 1832, wakilan jama'ar jihar Carolina ta Kudu da suka taru a garin Columbia suka zartar cewa dokokin kuɗin fito guda biyu da Majalisar Tarayyar Amurka ta kafa, ta 1828 da ta 1832, ba su da hurumi a jiharsu. Suka tsayar da 1 ga Fabrairu 1833 a matsayin ranar da za a daina biyan wannan kuɗi a tashar jiragen ruwa ta Charleston. Suka kuma ja kunnen gwamnatin tarayya cewa in ta zo musu da ƙarfi, to sun fita daga tarayyar ke nan. Kafin wata huɗu su cika sai ga shi sun janye, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Rigimar ta taso ne a kan haraji, amma tambayoyin da ta tono na shari'a ne: shin jiha tana da ikon ƙin bin dokar tarayya alhali tana cikin tarayyar? In ba ta da shi, tana da ikon ficewa?

Tushen gardamar, 1781 zuwa 1825

Kundin tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia a 1787 bai ce uffan a kan ficewa ba. Bai halatta ba, bai haramta ba. Na Najeriya na 1999 ya faɗa ƙarara a sashe na 2 cewa ƙasar ɗaya ce da ba ta rabuwa, amma na Amurka ya bar wurin a buɗe, kuma a wannan gurbin lauyoyi suka yi shekara saba'in suna kai-komo.

Yarjejeniyar da ta gabace shi, wadda ta fara aiki a 1781, ta kira tarayyar "ta har abada". Sai dai ita ɗin ce kuma ta ce kowace jiha tana riƙe da cikakken ikonta. Bayan 'yan shekaru jihohin suka ajiye ta suka ɗauki sabon kundi, wanda aka ce amincewar jihohi tara cikin goma sha uku ta isa ya fara aiki. Kowane ɓangare ya samu abin kamawa a nan. Wasu suka ce tarayyar da aka kira ta har abada, aka kuma zo aka ƙara mata ƙarfi, ba za ta koma ta wucin gadi ba. Wasu suka ce ai ga shi nan an taɓa fita daga "har abada" ɗin, kuma ba wanda ya kira shi tawaye.

Yadda aka amince da kundin shi ma ya zama hujja. Ba a yi ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya ba. Kowace jiha ta kira babban taron wakilan jama'arta ita kaɗai. Carolina ta Kudu ta amince ranar 23 ga Mayu 1788 da ƙuri'a 149 a kan 73. Virginia ta rubuta a takardar amincewarta cewa jama'a na iya karɓe ikon da suka bayar in aka juya shi ya zama abin cutar da su. A New York kuwa wasu sun so a shiga da sharaɗin fita in ba a yi gyare-gyaren da suke nema ba. Alexander Hamilton, jagoran masu goyon bayan kundin a New York, ya nemi shawarar James Madison, ɗaya daga cikin manyan marubutan kundin, shi kuma ya amsa masa a Yuli 1788 cewa kundin ana karɓarsa ne dungurungum kuma har abada, shiga da sharaɗi ba shiga ba ce.

Shekara goma bayan nan, a 1798, gwamnatin John Adams ta yi dokokin da suka sa aka riƙa ɗaure masu sukar gwamnati a jaridu. Thomas Jefferson, Mataimakin Shugaban Ƙasa a lokacin, da Madison suka rubuta ƙudurori a ɓoye, majalisun Kentucky da Virginia suka zartar da su. Ƙudurorin suka ce tsarin mulki yarjejeniya ce tsakanin jihohi, don haka jihohi suna da ta cewa in gwamnatin tarayya ta wuce gona da iri. A 1799 Kentucky ta fito fili ta ce maganin irin wannan doka shi ne a soke ta. Babu wata jiha da ta mara musu baya.

Kada a ɗauka maganar ta 'yan Kudu ce kawai. A 1811 Josiah Quincy na Massachusetts ya tsaya a Majalisar Wakilai ya ce in aka shigo da Louisiana cikin tarayya, wasu jihohi za su shirya rabuwa, ta lalama in ta yiwu, ta ƙarfi in ta kama. Lokacin yaƙin 1812 da Birtaniya, wanda ya durƙusar da kasuwancin jihohin arewa maso gabas, wakilansu 26 suka yi taron sirri a Hartford daga Disamba 1814 zuwa farkon Janairu 1815. Ba su nemi ficewa ba, gyaran tsarin mulki suka nema. Amma labarin sulhu da Birtaniya da na nasarar Janar Andrew Jackson a New Orleans suka riske su, aka yi ta yi musu kallon maciya amana har jam'iyyarsu ta mutu.

Kotun Ƙoli ta tsaya a ɗaya ɓangaren. A shari'ar McCulloch da Maryland ta 1819, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya ce kundin daga jama'a ya fito kai tsaye, ba daga gwamnatocin jihohi ba. Duk da haka a 1825 William Rawle, babban lauyan Philadelphia wanda ba ya ƙaunar bauta ko kaɗan, ya buga littafi kan tsarin mulki inda ya ce ficewar jiha ta rataya ne ga nufin jama'arta. Wato har zuwa lokacin masana shari'a masu mutunci suna kowane ɓangare.

Halin da jihar take ciki, 1816 zuwa 1827

Arzikin Carolina ta Kudu auduga ce da shinkafa, waɗanda bayi ke nomawa a manyan gandaye, a loda a jirgi a kai Ingila. Kayan sawa da ƙarafa da sauran kayan masana'antu kuwa saye take yi. Duk harajin da aka ɗora wa kayan waje domin a kare masaƙun Arewa, ita ce ke ji a jikinta. A 1816 ba ta damu ba. John C. Calhoun, ɗanta da ya fi kowa suna a siyasa, yana cikin waɗanda suka goyi bayan kuɗin fiton wannan shekarar. Amma bayan karyewar kasuwa ta 1819 farashin auduga ya faɗi fiye da rabi, gonakin jihar sun gaji, sababbin filayen Alabama da Mississippi suna janye mutane.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Ƙidayar 1830 ta nuna mutum 581,185 a jihar, 315,401 daga cikinsu bayi. Masu gandaye tsiraru ne a tsakiyar mutanen da suka mallaka, kuma kullum a tsorace suke. A 1822 aka zargi Denmark Vesey, wani baƙar fata da ya fanshi kansa, da shirya bore a Charleston, aka rataye mutum 35. A ƙarshen shekarar majalisar jihar ta yi dokar da ta ce duk ma'aikacin jirgin ruwa baƙar fata, ko da ɗa ne ba bawa ba, da zarar jirginsa ya tsaya a tashar jihar za a kama shi a kulle har ranar tashin jirgin. Mai jirgi ne zai biya kuɗin tsarewar, in bai biya ba a sayar da mutumin a matsayin bawa. A 1823 aka sauko da wani ma'aikaci mai suna Henry Elkison, talakan Birtaniya, daga jirginsa aka kulle. Mai shari'a William Johnson na Kotun Ƙoli, shi ma ɗan Charleston, ya ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki da yarjejeniyar da ke tsakanin Amurka da Birtaniya. Jihar ta yi kunnen uwar shegu ta ci gaba da kamawa, kuma Washington ba ta tilasta mata ba. Masu mulkin jihar sun lura da wannan.

A Yuli 1827 Thomas Cooper, shugaban kwalejin jihar, ya gaya wa wani taro a Columbia cewa lokaci ya kusa da za a zauna a yi lissafin amfanin zama cikin tarayyar.

Dokar 1828 da takardar Calhoun

A Mayu 1828 Shugaba John Quincy Adams ya sa hannu a sabuwar dokar kuɗin fito wadda ta ɗora wa wasu kayayyaki harajin da ya kusa rabin kuɗinsu. George McDuffie, ɗan majalisa daga jihar, ya samo hanyar da zai fahimtar da manomi. Ya ce a cikin kowace dila ɗari ta auduga da ka noma, arba'in na masu masana'antun Arewa ne. Lissafin bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin manomi ba ya kashe duk abin da ya samu a kan kayan waje, amma ya shiga kunnen mutane.

Calhoun a lokacin Mataimakin Shugaban Ƙasa ne, kuma yana hangen kujerar shugaba. Don haka takardar da ya rubuta wa majalisar jihar a ƙarshen 1828 ba ta fito da sunansa ba. Hujjarsa hawa uku ce. Na farko, tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon karɓar kuɗin fito ne domin a samu kuɗin gudanar da gwamnati, ba domin a kwashi dukiyar wani yanki a ba wani ba. Na biyu, kotu ba za ta iya magance wannan ba, saboda a rubuce dokar tana cewa ta tara kuɗin shiga ce, alƙali kuma ba ya shari'a da niyyar da ke zuciyar 'yan majalisa. Na uku, wanda shi ne zuciyar maganar, jihohi ne suka ƙulla yarjejeniyar, gwamnatin tarayya wakiliyarsu ce, kuma wakili ba ya yanke wa wanda ya aiko shi iyakar aiken.

Daga nan ya zana yadda abin zai gudana. Jiha za ta kira babban taron jama'arta, irin wanda ya amince da kundin a 1788. In taron ya ce doka ta saɓa wa kundin, sai ta tsaya a cikin jihar. Gwamnatin tarayya sai ta zaɓa: ko ta haƙura, ko ta nemi gyaran tsarin mulki da amincewar uku bisa huɗu na jihohi. In ta samu, jihar ta bi ko ta fice. Calhoun ya nace cewa wannan hanya ce ta hana ɓallewa, domin tana ba wanda aka zalunta mafita ba tare da ya bar gida ba.

Abin da aka gwada, 1828 zuwa 1832

An fara da ƙaurace wa kayan Arewa. Manya suka riƙa sa tufafin saƙin gida, aka yi alkawarin daina sayen alfadarai da aladun Kentucky saboda jihar ta goyi bayan harajin. Bai je ko'ina ba, domin gandu ba ya tafiya sai da alfadari.

Sai aka koma jiran Andrew Jackson, wanda ya ci zaɓen 1828 da Calhoun a matsayin mataimakinsa. Mai gandun auduga ne, mai bayi, kuma yana cewa a Carolina ta Kudu aka haife shi. Ya hau mulki, shekara ta wuce, harajin yana nan.

A Janairu 1830 maganar ta fashe a Majalisar Dattawa, a tsakiyar wata muhawara kan sayar da filayen yamma. Robert Hayne na Carolina ta Kudu ya baje hujjar Calhoun, shi kuwa Calhoun yana zaune a kujerar shugaban zama yana saurare. Daniel Webster na Massachusetts ya ba shi amsa cikin kwana biyu. Ya ce gwamnatin ta jama'a ce, su suka kafa ta, a gare su take da alhaki. Kundin da kansa ya ce dokar tarayya ce a sama, ya kuma ba kotunan tarayya ikon warware saɓani. Sannan ya kawo maganar ƙasa: ranar da jami'in kwastan ya ƙi sakin kaya, sojan jiha suka zo ƙwata, me zai biyo baya in ba yaƙi ba?

Ranar 13 ga Afrilu 1830, a liyafar tunawa da haihuwar Jefferson, Jackson ya ɗaga kofinsa ya ce tarayyar nan dole a kiyaye ta. Calhoun ya ɗaga nasa ya ce tarayya abar ƙauna ce, amma bayan 'yanci. Daga ranar kowa ya san inda shugaban ya tsaya.

Bugun da ya fi yi wa masu soke doka ciwo daga Madison ya zo. Yana raye, ya kusa shekara tamanin, kuma da ƙudurorinsa na 1798 suke kafa hujja. A wata wasiƙa da aka buga a 1830 ya ce sam ba abin da yake nufi ke nan ba. Shi jihohi a tare yake nufi, ta hanyar ƙorafi da zaɓe da gyaran kundi, ba jiha ɗaya tilo ba. Ya kuma nuna ramin da ke cikin lissafin Calhoun. Jihohi 24 ne a lokacin, uku bisa huɗu 18 ke nan. In jiha ɗaya ta soke doka, shida suka mara mata baya, to bakwai sun rinjayi goma sha bakwai, sun sauya ma'anar kundin ba tare da an gyara shi ba.

An gwada kotu ma. A 1831 wasu mutum biyu a Charleston suka shigo da kaya suka ƙi biyan kuɗin fito da gangan, McDuffie ya tsaya musu, da fatan mutanen gari da ake zaɓa su yanke hukunci za su ce dokar haramtacciya ce. Alƙalin tarayya ya hana a kai tambayar gabansu, aka kayar da su.

A cikin gida kuma akwai turjiya mai ƙarfi. Tsarin mulkin jihar ya ce sai da biyu bisa uku na majalisa ake kiran babban taro, kuma masu son zama lafiya da tarayya, irin su Joel Poinsett da lauya James Petigru, sun hana a samu wannan adadi har zuwa 1832. Su ma ba sa son harajin. Abin da suke cewa shi ne, in zalunci ya kai inda ba a iya jurewa, a kira abin da sunansa, juyin juya hali, a daina cewa kundin ne ya ba da izini.

A Yuli 1832 Majalisar Tarayya ta rage harajin, Jackson ya sa hannu. Ragin bai taɓa ainihin manufar kare masana'antu ba, sai masu zafin ra'ayi suka ce wannan ya nuna ba a da niyyar daina ta har abada. A zaɓen Oktoba suka samu biyu bisa ukun da suke nema, da taimakon rabon kujeru da ya fifita yankunan manyan gandaye na bakin teku.

Nuwamba 1832 zuwa Janairu 1833

Taron ya zartar da soke dokokin da ƙuri'a 136 a kan 26. Ya hana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙolin tarayya a kan batun. Ya wajabta wa alƙalai da ma'aikatan jiha rantsuwar bin wannan hukunci, wanda ya ƙi ya rasa aikinsa. Majalisar jihar ta biyo da dokar da ta ba ɗan kasuwa damar ƙwato kayansa daga kwastan ta kotun jiha, in jami'in ya ƙi a kama dukiyarsa ta kansa har ninki biyu na kuɗin kayan. Hayne ya bar Majalisar Dattawa ya zama gwamna, ya shiga ɗaukar dubban 'yan sa-kai. Calhoun ya ajiye muƙamin Mataimakin Shugaban Ƙasa ranar 28 ga Disamba, ya karɓi kujerar Hayne.

Jackson ya yi abu biyu a mako ɗaya. Ranar 4 ga Disamba ya nemi majalisa ta ƙara rage harajin. Ranar 10 ga wata ya fitar da sanarwa, wadda Sakataren Harkokin Waje Edward Livingston ya taimaka wajen rubutawa. Ba a kan soke doka kaɗai ta tsaya ba, har ficewa ta haɗa. Ta ce kundin gwamnati ya kafa, ba ƙawance ba. Ta ce wanda ya ce jiha na iya fita duk ranar da ta ga dama, ya ce Amurka ba ƙasa ba ce. Ta ce raba ƙasa da makami cin amanar ƙasa ne. A gefe guda ya tura Janar Winfield Scott Charleston, ya ƙarfafa sansanonin sojan da ke bakin tashar, ya aika da jiragen kwastan, Poinsett kuma yana aiko masa da rahoto yana tattara magoya baya a cikin jihar.

Carolina ta Kudu ta juya ta dubi maƙwabta, ba ta ga kowa ba. Majalisun Georgia da Alabama da Mississippi da Carolina ta Arewa duk suka yi tir da soke doka. Na Georgia abin mamaki ne, domin a daidai lokacin ita ma tana take hukuncin Kotun Ƙoli na Maris 1832 a kan ƙasar ƙabilar Cherokee. Jackson bai matsa mata ba, aka lallaɓa aka saki malaman mishan ɗin da ta ɗaure a Janairu 1833, don kada a tura ta hannun maƙwabciyarta.

Sai dai sanarwar Jackson ta tayar da wata ƙura. 'Yan siyasa da yawa a Virginia da sauran Kudu suna ganin soke doka shirme ne, amma sun yi imani jiha tana da ikon ficewa. Da shugaban ya haɗa biyun ya yi musu kuɗin goro, sai suka ja baya. Virginia ta aika Benjamin Watkins Leigh ya shiga tsakani. Da Jackson ya nemi majalisa ranar 16 ga Janairu ta ba shi ikon amfani da soja wajen karɓar haraji, da yawa daga cikin magoya bayansa na Kudu suka yi sanyi.

Ranar 21 ga Janairu jagororin soke doka suka yi gangami a Charleston suka ɗage ranar 1 ga Fabrairu, wai don a ba majalisa lokaci. Tsohon gwamna James Hamilton ya gaya wa taron cewa ya yi odar sukari daga Havana, zai bar shi a hannun kwastan, in sulhu ya gagara ya san za su bi shi har mutuwa a kan sukarinsa. Gangamin ba shi da ikon ɗage hukuncin babban taro a shari'ance, amma ba wanda ya ɗaga wannan maganar.

Sulhu, Fabrairu zuwa Maris 1833

Henry Clay na Kentucky, uban manufar kare masana'antu, shi ne ya haɗa kai da Calhoun. Clay yana tsoron Jackson ya rushe kariyar gaba ɗaya, Calhoun yana neman hanyar sauka ba tare da kunya ba, kuma dukansu ba sa son Jackson ya ci ribar lamarin. Ranar 12 ga Fabrairu Clay ya gabatar da ƙudurinsa. Duk harajin da ya haura kashi 20 cikin 100, za a riƙa zaftare ɗaya bisa goma na abin da ya haura duk bayan shekara biyu, sannan a sauke ragowar a kashi biyu, ta yadda zuwa tsakiyar 1842 komai ya dawo kashi 20. Masana'antu sun samu kusan shekara tara suna shan inuwa, Kudu ta samu alkawari.

Dokar amfani da ƙarfi ta wuce Majalisar Dattawa da ƙuri'a 32 a kan 1, bayan masu adawa da ita sun fice daga zauren. John Tyler na Virginia ne kaɗai ya tsaya ya ce a'a. Jackson ya sa hannu a dokokin biyu rana ɗaya, 2 ga Maris 1833. Babban taron Carolina ta Kudu ya sake zama, ranar 15 ga Maris ya janye soke dokokin harajin, ranar 18 kuma ya soke dokar amfani da ƙarfin, wadda a lokacin ba ta da sauran aikin yi. Washington ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan sulhu

Rigimar rantsuwa ta ci gaba a cikin jihar. A 1834 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce rantsuwar da aka ɗora wa hafsoshin sojan jiha ba ta halatta ba. Shekara mai zuwa majalisa ta rushe kotun. A Agusta 1842, wata biyu kacal bayan harajin ya sauko kashi 20, aka sake ɗaga shi, kuma John Tyler, wanda ya zama shugaban ƙasa, shi ya sa hannu.

Jackson ya rubuta wa wani a Mayu 1833 cewa harajin hujjar fakewa ce kawai, abin da ake nema shi ne tarayyar Kudu, kuma hujja ta gaba batun bauta ce. Fakewa da guzuma ana harbin karsana ke nan, kuma Calhoun da kansa ya riga shi faɗa. A wata wasiƙa ta 1830 ya ce harajin sanadi ne, ainihin dalilin shi ne tsarin bautar da ya bambanta Kudu da sauran ƙasar.

Ranar 20 ga Disamba 1860, bayan zaɓen Abraham Lincoln, babban taron jihar ya zauna a Charleston ya warware amincewar 1788 da ƙuri'a 169, babu ko ɗaya da ya ƙi. A takardar dalilanta jihar ta koka cewa jihohin Arewa suna ƙin bin dokar tarayya ta maido da bayin da suka gudu. Yaƙin da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 600,000. Sai a 1869, a shari'ar Texas da White, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tarayyar ba ta rushewa, kuma jiha ba ta fita sai ta juyin juya hali ko da yardar sauran jihohi.

Hukunci

Ƙauracewa da kotu da jiran shugaba sun gaza saboda dalili ɗaya: babu wanda ya taɓa rinjayen da ke Majalisar Tarayya. Soke dokar ya taɓa shi, amma ba ta hanyar da Calhoun ya zana ba. Ba a kira taron gyaran kundi ba, ba a daina karɓar kuɗin fito a Charleston ko na yini ɗaya ba. Abin da ya motsa majalisa shi ne tsoron zubar da jini, wato ainihin abin da Webster ya ce tsarin zai haifar, Calhoun ya ce zai hana.

A ɓangaren Jackson, ba sanarwarsa ce ta ci nasara ba, duk da ita ce aka fi tunawa. Keɓe jihar ne ya yi aiki: ya rufe ido ga Georgia, ya buɗe ƙofar rage haraji, ya hana sojansa fara harbi. Inda ya tsaya a kan soke doka, kusan ƙasar duka tana bayansa. Inda ya tsallaka zuwa ficewa, rabin Kudu ta zame masa.

A ganina hujjar soke doka ta mutu a 1833, kuma lissafin Madison na jihohi bakwai ne ya fi kashe ta, don ba a taɓa ba shi amsa mai gamsarwa ba. Hujjar ficewa kuwa ta fito da ƙarfin da ba ta shiga da shi ba. Ta fi ta Calhoun sauƙin fahimta, ba ta neman jiha ta zauna cikin tarayya tana cin moriyarta tana ƙin dokarta, kuma mutanen da suka ƙi bin Carolina ta Kudu a 1832 sun furta da bakinsu cewa sun yarda da ita. Madison ya yi ƙoƙarin toshe wannan a wasiƙarsa ga Webster ta Maris 1833, inda ya raba ficewa don ganin dama, wadda ya ce saɓa alkawari ce, da ficewa daga zaluncin da ba a iya jurewa, wadda ya ce juyin juya hali ce da wani suna. Rabewar tana da kyau a takarda, sai dai ba ta faɗi wanda zai yanke cewa zalunci ya kai wannan matsayi ba, kuma Clay da Calhoun sun yi cinikin kashi 20 cikin 100 ne ba tare da sun taɓa tambayar ba. Abin da masu mulkin jihar suka gyara kafin 1860 shi ne kuskuren tafiya su kaɗai: cikin kimanin mako shida da fitarsu, jihohi shida suka bi bayansu.